Dada: tambayoyi da amsoshi a kan masu fasahar da suka mai da shirme makami

Duk wanda ya leƙa tarihin zane-zanen Turai na ƙarni na 20 sai ya ci karo da wasu mutane da ake ce wa 'yan Dada, kuma tambayoyin da ake yi a kansu kusan iri ɗaya ne, wasu da mamaki suke tambaya wasu kuma da haushi. Ga waɗanda aka fi yi nan da amsoshinsu.

Wai mene ne Dada ɗin nan?

Wata tafiya ce ta masu zane da marubuta waƙa da 'yan wasan dandamali da ta ɓulla a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abun da suka sa a gaba shi ne yi wa duk wata ƙa'idar fasaha tawaye, a wajensu waƙa ba dole sai ta yi ma'ana ba, zane ba dole sai ya yi kyau ba, kuma tarkacen da ka tsinta a bakin titi ma zai iya shiga ɗakin baje koli. Ba su da wani salo guda da za ka gane su da shi, halin ƙin yarda ne ya haɗa su. Daga Zurik abun ya bazu Balin da Kolon da Hanoba da Faris, a Niyok kuwa akwai masu irin wannan tunanin tun kafin sunan ya iso musu. Bai yi tsawon rai ba, zuwa 1924 an watse.

Su wa suka fara shi?

Wani Bajamushe marubuci Hugo Ball da abokiyar zamansa Emmy Hennings, wadda mawaƙiya ce kuma marubuciya, su suka buɗe wani ɗan ƙaramin wajen wasa mai suna Cabaret Voltaire ranar 5 ga Fabrairu 1916, a wani ɗaki na mashaya da ke lungun Spiegelgasse, gida mai lamba 1. Shi Ball ɗin da farko har neman shiga soja ya yi aka ƙi ɗaukarsa saboda lafiyarsa, sai da ya je Beljiyam ya ga ɓarnar yaƙin da idonsa sannan ya juya baya gaba ɗaya. Ba a daɗe ba Tristan Tzara da Marcel Janco 'yan Romaniya suka shigo, sai Hans Arp mutumin yankin Alsace da ke iyakar Faransa da Jamus, da Richard Huelsenbeck wanda ɗalibin likitanci ne, da Sophie Taeuber malamar zanen yadi kuma gwanar rawa. Yawancinsu baƙi ne da suka fake a Suwizalan saboda ita ba ta shiga yaƙin ba. Lenin ma, wanda daga baya ya jagoranci juyin juya halin Rasha, a lokacin a wannan lungun yake zaune, gida mai lamba 14, yana gudun hijira.

Wajen wasan kansa 'yan watanni kawai ya yi aka rufe shi a bazarar wannan shekarar, amma aikin ya ci gaba a wasu ɗakunan taro da mujallu.

Toh me ya sa mutane masu ilimi za su zaɓi shirme da gangan?

Nan ne asalin maganar, kuma wanda bai gane wannan ba gaskiya ba zai taɓa gane Dada ba. Ka duba abun da ke faruwa a kewayensu. Kwana 16 bayan buɗe Cabaret Voltaire aka fara gwabzawa a Verdun tsakanin Faransa da Jamus, aka yi ta yi har Disamba, mutum wajen 300,000 suka mutu a kan ɗan yankin da bai taka kara ya karya ba. Ranar 1 ga Yuli kuma aka fara na Somme a arewacin Faransa, a wuni ɗaya tal sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, kafin a gama waɗanda aka kashe da waɗanda aka jikkata a duka ɓangarorin sun haura miliyan ɗaya. Kuma fa ba mahaukata ne suka tsara wannan ba, ministoci ne da janar-janar da injiniyoyi, mutanen da suka yi manyan jami'o'i suna sauraren kiɗan gargajiyarsu suna karanta falsafa. Iskar gas mai guba da aka fara saki gadan-gadan a Ypres ta Beljiyam a 1915, babban masanin kimiyya Fritz Haber ne ya jagoranci aikinta, mutumin da daga baya aka ba kyautar Nobel. Tun a Oktoban 1914 manyan malamai da marubuta da masu zane na Jamus su 93 suka sa hannu a takardar kare ƙasarsu a yaƙin.

Sai waɗannan matasan suka ce, in dai wannan shi ne hankali, in wannan ita ce wayewar da ake taƙama da ita, toh su ba sa so. Suka ga jaridu sun ɓata kalmomi irin su girma da kishin ƙasa da sadaukarwa, ana amfani da su ana tura yara 'yan shekara 18 ramuka suna mutuwa cikin taɓo, kuma suka ga fasahar da ake ratayewa a falon attajirai ita ma tana cikin kayan kwalliyar wannan tsarin. Shirmen nasu amsa ce ga wannan. Ni dai a ganina amsa ce mai nauyi, domin mutumin da ya ga an yi amfani da kyakkyawan lafazi an kashe miliyoyi yana da haƙƙin ya daina yarda da kyakkyawan lafazi.

Me suke yi in sun hau dandamali?

Wanda aka fi tunawa shi ne daren da Hugo Ball ya yi shigar kwali a Yunin 1916. Ƙafafunsa har ƙugu a cikin wani bututun kwali shuɗi mai sheƙi, a wuyansa wata ƙatuwar kwala ita ma ta kwali, ja daga ciki ruwan zinare daga waje, in ya ɗaga gwiwar hannu sai ta buɗe, kansa kuma doguwar hula mai ratsin shuɗi da fari. Ko takawa ba ya iya yi, ɗaukarsa aka yi aka ajiye a kan dandamali. Sai ya fara rera waƙoƙin da ba su da kalma ko ɗaya ta wani yare, sauti ne zalla irin su "gadji beri bimba", yana cikin yi sai muryarsa ta koma irin ta limamin coci mai jan addu'a, ya gama gumi sharkaf aka sauke shi.

Akwai kuma waƙar da Tzara da Janco da Huelsenbeck suka karanta a lokaci ɗaya, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi ɗaya da Jamusanci, ga fito ga buga ganga, ba mai jin wani, wato yarukan ƙasashen da ke kashe juna ne suka haɗa a baki ɗaya na hayaniya. Janco yana haɗa musu fuskokin rufe ido da kwali da fenti su sa su yi rawa. Arp kuma ya riƙa sakin gutsattsarin takarda su faɗi a kan faifan takarda ya manne su kusan yanda suka faɗi. Tzara daga baya ya rubuta yanda ake haɗa waƙar Dada: ka ɗauki jarida da almakashi, ka yanka labari kalma-kalma, ka zuba a jaka ka girgiza, ka riƙa zarowa ɗai-ɗai kana rubutawa a jere, shikenan waƙa ta samu.

Daga ina sunan ya fito?

Su kansu sun yi ta gardama a kai har suka tsufa, Huelsenbeck na cewa shi da Ball ne suka tsinto shi a ƙamus, magoya bayan Tzara na cewa nasa ne. A Faransanci dada dokin wasan yara ne, a yaren Romaniya da Rashanci kuma "da, da" na nufin i, i. Abun da ya burge su da shi shi ne kowane baki zai iya furta shi kuma ba na wata ƙasa ba ne.

Gaskiya ne wani ya kai mazubin fitsari baje koli?

Gaskiya ne. Marcel Duchamp, Bafaranshe da ke zaune a Niyok a lokacin, shi ake dangantawa da aikin. A 1917 aka aika da mazubin fitsari na tangaran irin na bayan gidan maza zuwa baje kolin wata ƙungiyar masu zane masu zaman kansu, an kwantar da shi ta baya an sa masa hannu da sunan "R. Mutt" an kira shi Fountain. Dokar ƙungiyar ita ce duk wanda ya biya dala 6 za a nuna aikinsa ba tare da alƙalai sun tace ba, kuma Duchamp yana cikin shugabanninta. Amma da suka ga abun sai suka ƙi nuna shi, shi kuma ya ajiye muƙaminsa. Mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz ya ɗauke shi hoto, na asalin kuma ya ɓata, duk waɗanda ke gidajen tarihi yau kwafi ne da Duchamp ya amince aka yi daga baya, yawanci a 1964.

Tun kafin nan ya ɗora tayar keke a kan kujerar katako a 1913, a 1919 kuma ya sayi katin hoton Mona Lisa, shahararren zanen nan na wata mace, ya zana mata gashin baki da ɗan gemu. Abokinsa Man Ray a 1921 ya jera ƙusoshi a ƙasan dutsen guga, kaga guga ta koma abun yaga kaya. A 2004 da aka tambayi masana fasaha 500 a Birtaniya aikin da ya fi tasiri a ƙarni na 20, mazubin fitsarin nan suka zaɓa.

Ai ni ma zan iya wannan, ina gwanintar take?

Za ka iya mana, kuma su ma abun da suke son ka ce kenan. Tambayar da Duchamp ya jefa ita ce, wa ke yanke hukuncin cewa wannan fasaha ce wannan ba ita ba ce? Hannun mai yi ne, ko sa hannunsa, ko ɗakin da aka ajiye abun, ko attajirin da ya biya? Ƙungiyar da ta rantse ba za ta tace kowa ba ta tace shi, ya tona musu asiri ba tare da ya yi dogon rubutu ba.

Sannan kada a ɗauka ba su iya aiki ba ne. George Grosz gwanin zane ne na gaske, Sophie Taeuber ƙwararriya ce a saƙa da sassaƙa, hotunan da Hannah Höch ke yankawa tana haɗawa sai mai ido da haƙuri. Amma ba zan ɓoye ba, cikin abubuwan da aka yi da sunan Dada akwai waɗanda hayaniya ce kawai ta neman suna, musamman a ƙarshe-ƙarshe a Faris, ba duka ne suka cancanci a tsaya a kansu ba.

An ce na Jamus siyasa ce zalla, haka ne?

Kusan haka ne. Huelsenbeck ya koma Balin a 1917 ya tarar da yunwa da guragun sojoji a kan titi, ƙasa na shirin faɗuwa, ba a zancen wasa. Shi da Raoul Hausmann da Höch da Grosz da 'yan'uwan nan biyu Wieland Herzfelde da John Heartfield suka ɗauki abun da zafi. Heartfield ɗin sunansa na yanka Helmut Herzfeld, ya mai da shi na Ingilishi ana tsakiyar yaƙi don ya nuna bai yarda da ƙin jinin Ingila da ake cusa wa jama'a ba, ka ga ƙarfin hali. Makaminsu almakashi ne da gam, su yanko hotunan ministoci da janar-janar da injina daga jaridu su haɗa su yanda za su fallasa su.

A 1920 suka yi babban baje kolinsu a Balin, suka rataye mutum-mutumi a silin sanye da kakin soja amma da kan alade. Aka maka su kotu da laifin cin mutuncin soja, aka ci Grosz da Herzfelde tara. Heartfield bai daina ba, ya ci gaba da wannan aikin a kan Hitler har sai da ya tsere zuwa Prague a 1933. A 1937 'yan Nazi suka shirya baje koli a Munik na abun da suka kira lalatacciyar fasaha don jama'a su zo su yi dariya, har bango guda suka ware wa Dada.

Sauran garuruwan fa?

A Kolon Max Ernst da Johannes Baargeld sun yi baje koli a 1920 a harabar wata mashaya, sai ka bi ta bayan gidan maza kafin ka shiga, kuma akwai wani aikin katako na Ernst da aka ɗaura wa gatari don duk wanda bai masa ba ya sara. 'Yan sanda sun rufe wajen na ɗan lokaci. A Hanoba kuwa Kurt Schwitters shi kaɗai yake tafiyarsa da ya sa wa suna Merz, yana tsintar tikitin mota da takardun alewa da guntun waya yana haɗa hotuna, har ya mai da ɗakunan gidansu wani irin gini na tarkace wanda bam ya rusa a 1943.

Ina matan suke a cikin labarin?

Suna nan tun ranar farko, mazan ne da suka zo rubuta tarihi suka tura su gefe, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke ba ni haushi da tafiyar. Emmy Hennings ce ke jawo 'yan kallo a Zurik da muryarta. Hannah Höch ta yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan Dada gaba ɗaya, wani ƙaton hoto na yanke-yanke daga 1919 zuwa 1920 da ya tattaro 'yan siyasar Jamus da 'yan rawa da injina, amma Grosz da Heartfield ba su so a sa ta a baje kolin 1920 ba sai da Hausmann ya ce zai janye. Daga baya wani abokin tafiyarsu Hans Richter da zai tuna ta a rubuce sai ya ambaci burodi da kofi da take samo musu. Ita ce kuma ta koma wajen garin Balin a 1939 ta zauna har ƙarshen zamanin Nazi tana ɓoye takardu da ayyukan abokanta. A Niyok akwai Elsa von Freytag-Loringhoven wadda ke yin ado da cokula da gwangwani ta fita titi. Sophie Taeuber dai ƙasarta ta karrama ta daga baya, hotonta ya hau takardar kuɗi ta faran 50.

Akwai wata alaƙa da Afirka?

Akwai, kuma ba duka ce mai daɗi ba. Fuskokin da Janco ke haɗawa daga sassaƙen Afirka da na tsibiran Pasifik ya samo ilhama, Tzara ya tara kayan sassaƙar Afirka masu yawa kuma ya riƙa kwaso waƙoƙin baka na Afirka daga rubuce-rubucen masu bincike da 'yan mishan yana karantawa a taro, Huelsenbeck kuma yana buga ganga yana ƙirƙiro wasu sautuka yana cewa waƙar baƙar fata ce. A ransu yabo suke yi, suna neman abun da zai girgiza Turai. Amma sun ɗauki harsuna da fasahar mutane masu ƙa'ida da tarihi da ma'ana suka mai da su alamar rashin ma'ana, ba su tambayi wa ya sassaƙa ba ko ta yaya kayan suka iso gidajen tarihin Turai. Höch ta ɗan fi su lura, jerin hotunan da ta fara a shekarun 1920 tana haɗa jikin matan mujallu da sassaƙen gidan tarihi yana sa mutum ya yi tunani a kan yanda ake baje mutane kaman kaya. A 2016 gidan tarihin Rietberg na Zurik ya yi baje koli na musamman a kan wannan alaƙar.

Yaƙin da suke gudu ma bai bar mu ba. Sojojin rundunar Najeriya ƙarƙashin Ingila, cikinsu Hausawa da yawa, sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru tun 1914, kuma a wannan watan na Fabrairun 1916 da aka buɗe Cabaret Voltaire ne sansanin Jamusawa na dutsen Mora ya miƙa wuya.

Mu muna da irinsa a al'adarmu?

Mafi kusa da zan iya kawowa su ne 'yan kama, yanda suke ɗaukar waƙar yabo ko salon karatun malamai su juya shi ya koma kirarin tuwo da miya, jama'a na dariya amma kowa ya san an taɓa masu girman kai. Sai dai bambancin babba ne, ɗan kama yana cikin gari, an san matsayinsa ana masa kyauta, ba rusa tsarin yake so ba. 'Yan Dada kuwa sun yanke ƙauna ne daga tsarin gaba ɗayansa, so suke 'yan kallo su fusata, kuma sau da yawa sun fusata ɗin har da jifa.

Kenan ba su yarda da komai ba, har addini?

Ba duka ba. Wasunsu kwaminisanci suka runguma, wasu ba ruwansu da komai, kuma an yi kalaman cin fuska ga coci, ba za a musa ba. Amma shi Hugo Ball da ya kafa abun ya bar tafiyar tun 1917, ya koma ƙauye a kudancin Suwizalan shi da Emmy, ya koma ga ɗariƙar Katolika da gaske yana rubutu a kan waliyyan Kiristocin farko har ya rasu a 1927. Arp kuma kullum maganarsa ita ce suna neman fasahar da za ta warkar da mutane daga haukan zamanin. Mutanen da ba su damu da komai ba ba sa shan wannan wahalar.

Me ya kashe Dada?

Rigimar cikin gida da kuma sabo. Tzara ya iso Faris a Janairun 1920, André Breton da Louis Aragon da Philippe Soupault suka tarbe shi hannu bibbiyu, amma ba a jima ba mutanen Faris suka fara sayen tikiti suna zuwa a zage su don nishaɗi, kaga abun da aka yi don ya girgiza mutane ya zama abun kallo. Breton yana son tsari da manufa, Tzara na ganin da an yi tsari Dada ta mutu. A wani taro a Yulin 1923 abun ya kai ga dambe a kan dandamali, Breton ya karya wa wani hannu da sanda, aka kira 'yan sanda. A 1924 Breton ya fitar da sanarwar sabuwar tafiya ta Surrealism wadda ta karkata ga mafarki da abun da ke ɓoye a zuciya, da yawa daga cikinsu irin su Ernst da Arp da Man Ray suka bi can.

Ayabar nan da aka manna a bango aka sayar da miliyoyi, ita ma Dada ce?

Jikar Duchamp ce ta fuskar dabara, wannan ba shakka. Maurizio Cattelan ɗan Italiya ne ya manna ayaba da salatif a bango a wani baje koli a Miami a 2019 aka saya dala 120,000, a Nuwamban 2024 kuma aka yi gwanjon ɗaya a gidan gwanjo na Sotheby's kan dala miliyan 6.2, wanda ya saya ɗan kasuwar kirifto Justin Sun ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida. Amma ni ba na kiranta Dada. Mazubin fitsarin 1917 korarsa aka yi kuma ba wanda ya biya ko sisi a kansa har ya ɓata, Grosz kotu ya je, Heartfield da Schwitters gudun hijira suka yi. Ayabar kuwa da takardar shaida aka sayar da ita da umarnin yanda za a riƙa canza ta in ta ruɓe, kasuwar da 'yan Dada suka tsana ce ta shirya bikin tun daga farko har ƙarshe. In gadonsu kake nema a yau, ni na fi ganinsa a wajen matasan da ke yanko hoton mai mulki a waya su haɗa shi da wani abu daban su watsa a Facebook da TikTok don su faɗi abun da jarida ta kasa faɗa, wasunsu ma har kamu suna sha a kai.